Wa Zai Shayar da Bulo Ranar Sallah?

Talata Mafara,
cikin watan Zulƙida.

Zuwa ga Baban Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai jego da 'yar baƙuwarmu. Allah Ya kai ku Bakura lafiya, Ya sanya albarka a gidan da za ku sauka, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya kare ku daga sauron bakin kanal da sharrin duk mai sharri. Amin.

Na san za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma sai ga takarda. To, ka san halinmu. Kai ne ɗan fari, tun da aka haife ka bakina bai taɓa kama sunanka ba, kuma ban taɓa zaunar da kai kan tabarma ɗaya mun yi doguwar hira ba. In zan aike ka, sai in ce, "Ina wancan yaron?" alhali kana tsaye a gabana. Yanzu Allah Ya yi mini sauƙi ta hanya biyu. Ya ba ni jika, na sami sunan da zan kira ka da shi ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ya kuma ba ni alƙalami, ko da yake sai da furfura ta fito mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma. In ka ga layi ya gangara kamar hanyar rafi, ka yi haƙuri, hannun da ya saba da shebur ne.

Ba zan iya rubuta maka irin murnar da nake ciki ba. Ranar da aka yi mini albishir na hau keke na zaga Mafara kaf, daga tasha har bakin asibiti, duk wanda na gani sai na tsaya na gaya masa, har da waɗanda ban sani ba. Sai da na dawo gida mahaifiyarka ta ce, "Malam, ina keken?" Ashe a rumfar masu albasa na jingine shi na taho da ƙafa. Da kuka sa mata sunan tsohuwata kuwa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, abin da na yi a ciki ba na kowa ba ne. Yanzu ga shi za ku ɗauke mini ita ku tafi Bakura. Na yafe, domin tafiyar arziki ce.

Amma akwai magana, kuma ita ce dalilin takardar nan.

Ran nan ina alwala a bayan zana na ji kana hira da abokinka a zaure. Ba laɓe na yi ba, muryarka ce ba ta san sirri ba, irin tawa. Ka ce ka karɓi kwangilar bulo na sababbin shagunan da za a gina a Bakura, kuma mai kwangilar yana son kayansa da zarar an gama Babbar Sallah. Ka ce ma'aikata za su je Idi su dawo a ci gaba da bugu, washegari ma haka, ka ba kowa cinyar rago da yadin shadda, ai sun ci riba. Ba ni kaɗai na ji ba. Audu yana ƙofar gida yana gyara tayar baro. Audu, wanda tun ranar da na buɗe wurin bulona yake tare da ni, wanda na ɗauka na ba ka don ya kafa maka sabon wurinka. Da yamma ya same ni ya durƙusa ya ce, "Maigida, in haka za a yi, ni ka bar ni nan wajenka. Na tsufa da sake koyon wanga karatu."

Ka san in Audu bai je ba, leburorin da ya samo maka daga Maradun ba za su je ba, domin shi suke bi, ba kai ba. Kuma yanzu ba da ba ce. Tun da ruwan Bakolori ya fara bin kanal, duk mai ƙarfi a jika yana da wurin zuwa: ga shinkafa, ga alkama, ga albasa, kowa neman hannu yake. Sai ka wayi gari a Bakura da tulin yashi da buhunan siminti da alkawarin da ka ɗauka, ba mai riƙe maka shebur. Saboda haka ka zauna ka karanta. Zan ba ka labarin wautata, wadda rabin Mafara ta riga ta sani, don kada ka sake sayen abin da na riga na biya kuɗinsa.

Lokacin muna zaune a garin Kaya, kana makarantar kwana, aka zo ɗaukar leburori na aikin dam ɗin Bakolori. Na ajiye fartanya na shiga layi, aka ɗauke ni ɗaukar kankare da kwanon sarki. Ni a sanina ranar da mutum ba ya aiki ita ce Juma'a, sai Sallah, sai ranar da aka yi rasuwa, sai kuma in ciwo ya kayar da shi. Wata safiya na yi sammako na taka har wurin aiki, sai na tarar da ƙofa a rufe. Ba ƙarar inji, ba tifa, ba kowa. Na ce shi ke nan, an sallame mu ba a gaya mini ba. Maigadi, wani tsohon soja mai gashin baki, yana zaune yana shan kunu.

Ya ce, "Malam, mi kaka biɗa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, korar mu aka yi?"

Ya ce, "Wa ya san da kai balle ya kore ka? Yau ɗaya ga Oktoba, ranar 'yancin kai. Hutu ake. Bature ma yana gida ya miƙe ƙafa."

Na ce, "Hutu kuma? Yau ba Juma'a ba, ba Sallah ba?"

Ya ce, "Hutun gwamnati."

Na ce, "To wa ya roƙe ta?"

Dariya ta sa kunu ya sarƙe shi. Na juyo gida raina a ɓace, ina ta jin haushin gwamnatin da ta hana ni neman abincin yini guda don tana murna. Da wata ya ƙare aka biya mu, sai na ga ba a cire mini komai ba. Na koma wurin akawu na ce an yi kuskure, akwai ranar da ban ɗauki ko kwano ɗaya ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in matsa in ba na baya wuri. Hankalina bai kwanta ba, na kai maganar gaban limaminmu, na ce, "Allah gafarta Malam, kuɗin da mutum bai yi gumi a kansu ba, sun halatta?" Ya tambaye ni yadda abin yake, na gaya masa. Ya ce, "Bawa, da wannan sharaɗi suka ɗauke ka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Haƙƙinka ne. Amma in yana hana ka barci, kawo, tabarmin masallaci sun mutu." Ban kai ba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, hutun da ƙasa ta sa ba kyautar maigida ba ce. Ba kai ka ba su ba, balle ka yi musu gori ko ka karɓe ranar da ka ga dama. Naka kawai kada ka tare hanya. Kuma da yawa daga cikin waɗanda za su yi maka aiki irina ne na wancan lokaci, sun fito daga gona, ba su san akwai wani hutu da ake biya ba. Kada ka ce tunda ba su sani ba ka tsira. Kai ka yi boko, kana da rediyo. In an yi sanarwa, kai za ka tara su ka gaya musu tun da wuri, don mai son zuwa gida ya shirya, kada wani ya taka tun daga ƙauye ya tarar da ƙofa a rufe.

Za ka ce mutumin da aka yi wa haka, ai in ya zama maigida zai tuna. Ina! Da aikin dam ya ja baya aka fara rage mutane, na tattara ɗan abin da na tara muka dawo Mafara. Lokacin kowa gini yake, ma'aikata sun cika gari suna neman ɗakin haya, na sayi abin buga bulo na ɗauki Audu da wasu. Da ranar hutu ta farko ta zagayo, na tsaya a gabansu ina hura hanci na ce, "Gobe hutun gwamnati ne, kowa ya zauna gida." Suka yi godiya. Amma da aka zo biya, na cire ladan ranar. A raina na ce, kamfani daban, Bawa daban. Kamfani kuɗinsa ba ya ƙarewa, ni kuwa buhun siminti nawa gare ni?

Haka muka yi ta yi, har wani hutu da ya faɗo ranar Talata, ranar kasuwa. Washegari na zo wurin aiki na tarar da Audu kwance kan yashi, ya rufe fuska da hula, shebur na gefe.

Na ce, "Kai Audu, kai da ka wuni kana hutawa jiya?"

Ya ɗaga hular ya ce, "Wa ya huta? Dako na wuni yi a kasuwa. Buhunan albasa na yi ta ɗora wa mota har Magariba."

Na ce, "Ba na ba ku hutu ba?"

Ya ce, "Ka ba mu, Maigida, mun gode. Tukunyar gidana ce ba ta ji sanarwar ba."

Sauran suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki ba daɗi. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Wannan ya je cirar ciyawa a gonar shinkafar wani, wancan ya wuni tura amalanke. Bulon da muka buga ranar ko rabin na kullum bai kai ba, kuma duk bakinsa a karkace. Ka ga na cire musu ladan yini ɗaya, na yi asarar aikin yini biyu.

Da yamma a ajin yaƙi da jahilci na ba malaminmu labari, shi ma ya yi dariya, sannan ya ce, "Malam Bawa, in ka ce wa mutum ya huta ka kuma cire masa lada, ba hutu ka ba shi ba, korar yini ɗaya ka yi masa." Tun daga ranar na daina. Wanda kake biya wata-wata, kada ka taɓa masa ko kwabo saboda ranar hutun ƙasa. Wanda kake biya kullum-kullum amma kullum ɗin a wurinka yake, ni dai ina biyansa kamar ya zo. Ban san iyakar abin da doka ta ce a kan irinsa ba, ni ba lauya ba ne. In ka je Gusau ka shiga ofishin ƙwadago ka tambaya, ba a biyan kuɗin tambaya. Amma ko sun ce maka ba dole, ka tuna da Audu kan yashi.

Daga nan kuma sai na zarce, ka san ni ba na yin abu rabi. Na zama maigidan da ya fi kowa kirki a Mafara. Da Babbar Sallah ta matso, lokacin ana tsakiyar zafi, na ce tunda za mu yi kwanaki ba aiki, bari mu rama tun yanzu. Ranar jajibere muka buga bulo tun safe har rana ta faɗi, muka cika fili, ba wurin taka ƙafa. Na biya kowa, na ce, "Ku tafi, kada in ga ƙeyar kowa sai an gama rabon nama." Har maigadi na sallama. Na tafi gida ina jin kaina kamar wani hakimi.

Ka san sabon bulo kamar jariri yake, in bai sha ba ba ya ƙwari. Safe da yamma sai an yayyafa masa ruwa har siminti ya kama. Na san haka sarai. Amma ina gaban wuta an kafa raguna ana gashi, ina karɓar barka da Sallah, ko sau ɗaya bulo bai faɗo mini a rai ba. Da muka koma, fili ya yi fari fat. Mai kwangilar da na buga wa bulon ya zo da tifa ɗaukar kaya, wani ɗan gajeren mutum mai barkwanci. Ya ɗaga bulo ɗaya, rabi ya biyo hannunsa, rabi ya zauna a ƙasa. Ya ɗaga wani, ya murtsuke shi da yatsa. Ya ce, "Malam Bawa, bulo na ce ka buga mini, ba dakuwa ba. Ko da sukari a ciki in ɗanɗana?" Direban tifa ya kai labarin tasha kafin Azahar. In ka taɓa jin tsofaffin tasha suna ce mini Mai Dakuwa ka rasa dalili, to ga shi. Sai da na sayar da saniyar mahaifiyarka na sayi wani siminti, kuma har yau in mun yi faɗa sai ta tayar da maganar saniyar.

To ka ga abin yana da baki biyu. Mutane suna da haƙƙin hutu, aiki kuma yana da nasa haƙƙin. Maigida shi ne wanda zai zauna tun da sauran lokaci ya raba su. In hutu ya matso, ka tsayar da bugu da 'yan kwanaki, a koma tara yashi da jera busasshen bulo da gyaran kayan aiki, don kada ranar ta zo ta tarar da fili cike da ɗanye. Abin da ya rage wanda ba ya jira, wato ban ruwa da gadi, sai ka nemi wanda ya yarda da ransa, ba wanda ya ji tsoronka ba. Ku gama magana kafin ranar, ba bayanta ba. Ladansa na ranar ya fi na kullum, ni ninkawa nake yi. Sannan ka ba shi wata rana ya huta a madadin wadda ya rasa, shi ya zaɓa. Kuma kada ya zama kullum mutum ɗaya ne, don kawai shi ba ya musu.

Wannan na ƙarshe da ciwo na koye shi, kuma shi kaɗai ne a cikin labaran nan da ba na dariya in na tuna.

Kana iya tuna Yohanna, dogon nan mutumin Zuru da yake ɗora ka a baro in ka zo hutu. Bayan abin dakuwa shi ya ce, "Maigida, ranar Sallarku ku bar mini ban ruwa. Ku je ku ci namanku, ku dai ajiye mini nawa." Haka aka yi shekara da shekaru, ƙaramar Sallah da babba da Maulidi, Yohanna na nan da garwarsa da gwangwaninsa mai huji. Ni kuma in aika masa da cinya guda da tuwo. A ganina mun rabu lafiya.

Wata shekara aiki ya yi mana yawa a ƙarshen Disamba. Ya same ni ya ce yana so ya je gida Kirsimeti, ya daɗe bai ga tsohuwarsa ba. Ina cikin lissafin yashi, ko kallonsa ban yi ba na ce, "Yohanna, wannan ai ba Sallarmu ba ce. Aiki na nan." Ranar ya zo, ya yi aikinsa, ya tafi. Mu duka muka yi aiki, alhali rediyo ta faɗa hutu ne na ƙasa baki ɗaya.

Da na koma gida mahaifiyarka ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa kaɗan, irin zaman nan da na san akwai magana.

Ta ce, "Malam, wai yau Yohanna ya yi aiki?"

Na ce, "Ya yi."

Ta ce, "Ranar layya wa ya shayar maka da bulo?"

Na ce, "Shi."

Ta ce, "Da mi ka biya shi?"

Na ce, "Ke ma kin sani, ai ke kika zaɓar masa cinya."

Ta ce, "Cinyar da ko ba ya yi maka aiki sai ka ba shi don maƙwabci ne? Gidan mai gyaran keke ma cinya ka aika, bulo nawa ya shayar? Naman layya na Allah ne, Malam, ba a biyan lebura da shi. Kai ka yi Sallarka a bayan yaron nan shekara nawa, tasa guda ɗaya ka hana shi."

Na ce gobe zan gyara. Amma na tsaya jin nauyi, yau gobe, yau gobe, ina neman yadda maigida zai ba yaronsa haƙuri ba tare da girma ya faɗi ba. Kafin in gama neman, wata ya ƙare, Yohanna ya karɓi albashinsa ya ce ya sami aikin tifa a Gusau. Na ba shi haƙuri a lokacin, na ce zan ƙara masa. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Maigida, na riga na ba su baki." Ban sake samun mai gwada siminti da yashi kamarsa ba. Yanzu shi ke tuƙa tifar. In ya biyo ta hanyar Sakkwato sai ya danna ham ya leƙo ya ce, "Maigida, bulo ya sha ruwa?" In ɗaga masa hannu. Mutumin kirki ne, bai riƙe ni ba. Ni ne dai na riƙe kaina.

Tun daga shekarar, ranar Kirsimeti a rufe wurina yake, ko akwai Kirista a cikinmu ko babu. Gwamnati ba ta ce hutun na wasu ne ban da wasu ba. In kuwa Allah Ya haɗa ka da ma'aikata masu addini biyu, ka gode maSa, ka sami sauƙi: wannan ya tsaya wa wancan, wancan ya tsaya wa wannan, kowa a biya shi ladansa da kuɗi a hannu.

Yanzu ka dubi shirinka da idon mahaifiyarka. Cinyar rago da yadin shadda abu ne mai kyau, ka ba su, Allah Ya ba ka lada. Amma kyauta ce. Kyauta ba ta zama a gurbin lada, ba ta kuma zama a gurbin hutu. Mutumin da ya bar iyalinsa a Maradun, ranar Sallah so yake ya yanka abin da Allah Ya hore masa a ƙofar gidansa, ya kai 'ya'yansa gaida kakanni, washegari ya tsaya a kan rabon nama. In ka ba shi shadda ka tsare shi a bakin yashi, ina zai sa ta, wa zai gani?

Wani abu kuma kafin in manta. Wani lokaci rediyo takan faɗi ranakun hutu, sai wata ya ƙi tsayawa yadda aka zata, Sallah ta gusa. Kada ka tsaya gardama da leburori a kan wace rana ce ta gwamnati, wace ce ta wata. Ranar da aka hau Idi ba a aiki, ranar da gwamnati ta faɗa ma ba a aiki. In abin ya ci maka yini ɗaya, bai kai saniya ba.

Game da mai kwangilarka, ka same shi da zarar kun sauka, tun bai sa rai ba. Ka ce masa, "Alhaji, ga abin da zan iya kawowa kafin Sallah, ga abin da zai biyo baya." Ku ƙara hannu yanzu, ku buga da yawa tun da sauran kwanaki. Shi ma yana da ragon yanka, magina ma ba za su hau bango ranar Sallah ba. Zai yi ɗan tsaki, ya ce yaran yanzu ba ku da zafin nema. Bar shi ya yi. Tsakin yini ɗaya ne. In kuwa ka ba shi bulon da gajiyayyun mutane masu fushi suka buga, tsakin ba zai ƙare ba sai bangon ya faɗi.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma shi zan ce in ni ne. Za ka ce, "To Baba, ko na tsayar da bugu, na ƙarshen da aka buga yana son ruwa, mutanena kuma duk Musulmi ne, duk 'yan Maradun ne. Wa zai tsaya?" Kai ba za ka iya kai kaɗai ba, ga yanka, ga baƙi, ga Sallarka ta farko a matsayin mai gida.

To, ka sami lebura. Ni ne.

Na riga na gama shawara da mahaifiyarka. Wurina na nan ƙaninka zai kula da shi. Ana jajibere zan ɗora ragona a motar Bakura in zo, in yi Idi tare da ku, a yanka shi a ƙofar gidanka. Safe da yamma ni zan ɗauki garwa in bi layin bulo. Bayana yana ciwo, amma bai manta hanya ba. Sai dai ina da sharaɗi, kuma mun gama magana ke nan tun kafin ranar, yadda na koya maka. Za ka biya ni ladan ranar hutu, ninki, kuɗi a hannu, ba cinya ba. Kuma ba a ɗaki za ka ba ni ba. Sai ranar da Audu da mutanensa suka dawo, ka tara su, ka kira ni a layi kamar kowa, ka ƙirga ka sa mini a tafin hannu suna kallo. Na san kunya za ta kama ka, ni ma za ta kama ni. Mu daure. In suka ga ko ubanka bai yi maka aikin ranar Sallah a banza ba, ba sauran wanda zai sake tambayar wane irin maigida ne kai. Ranar hutuna ta madadi kuma a gidanka zan ci ta, a inuwa, kada wanda ya tashe ni.

Audu ban ce masa komai ba, domin ba bakina yake jira ba. Da na leƙa ɗakinsa ɗazu na ga tabarmarsa a naɗe, an ɗaure ta da igiya, tana jingine a bakin ƙofa. Bai kwance ta ba, bai kuma kai ta wurin kaya ba. Motarku da safe za ta tashi. In ka gama karatun nan, ka sa takalmi ka je ka same shi, ka gaishe shi yadda ake gaida babba, ka gaya masa da bakinka. Kada ka ce sai gobe. Na gaya maka abin da sai gobe ta ci mini.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ni, Ya ba ka ma'aikata masu amana, Ya sa kai ma ka zama amana a gare su. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direba, Ya sauke ku lafiya. Allah Ya ba mai jego lafiya, Ya raya abin da aka samu bisa tafarkin Musulunci. Mahaifiyarka ba za ta ce tana gaishe ka ba, amma tun jiya take ɗaure muku daddawa da kuka. Ka tanadi garwa mai kyau, wadda ba ta yoyo.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Bawa mai bulo.